Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamitin Jarrabawar Gwaji kan Tambayar Bishiyar Ok da Dabbar Mol

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran malamaina 'yan kwamitin da suka tsara tambayoyin Bayoloji na jarrabawar gwaji ta bana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, ina muku sannu da aiki. Na san wahalar haɗa takardar jarrabawa, domin ni ma na taɓa kwana ina ƙirga maki don su cika ɗari. Ni malamin Bayoloji ne a wata sakandaren gwamnati da ke shiyyarmu, na shekara 14 ina riƙe da alli. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Abokan aikina da muka zauna makin takardu tare su suka ce in rubuta, kuma ina magana a madadin yaran ajin ƙarshe da suka fito daga ɗakin jarrabawa suna tambayar juna abin da aka ce su yi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da wannan niyya na ɗauki alƙalami.

Magana ce a kan tambaya ta huɗu, mai maki 15, wadda ta ce ɗalibi ya kwatanta rabe-raben halitta da matsayin kariya na bishiyar ok da dabbar mol.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Ina cikin masu sa ido a ranar. Ba a yi minti ashirin da raba takardu ba wata yarinya da ke layin gaba, wadda ba ta taɓa sauka daga na uku a ajinta ba, ta ɗaga hannu ta ce a hankali, “Malam, mol ɗin nan na Kemistiri ne?” Doka ta hana ni buɗe baki, sai na ce ta sake karantawa. Da muka zo maki na gane ba ita kaɗai ba ce. Wani yaro ya cika rabin shafi da lissafin lambar Abogadiro, wato adadin ƙwayoyin da ke cikin ma'aunin sinadari da ake kira mol, tsaf-tsaf babu kuskure ko ɗaya, don kalmar da aka rubuta ita ce wadda malamin Kemistiri ya shekara biyu yana dasa masa a ka. Wani ya duba ma'anar da ya sani daga ƙamus ya yi bayanin tawadar Allah da ke fitowa a fatar mutum. Wata ta zana gafiya har da farin ƙarshen jelarta. Bishiyar kuwa mafi yawansu tsallake ta suka yi. Mun yi dariya a ɗakin maki, ba zan ɓoye muku ba, amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowace takarda sifili muke zana mata.

Saboda iyayen yara da za su karanta wannan wasiƙa, ga amsar da ake nema. Ok bishiya ce ta ƙasashen sanyi. Wadda aka fi sani, ta Turai, sunanta na kimiyya Quercus robur, kuma masanin nan na ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, shi ya sa mata sunan a 1753. Tana masarautar tsirrai, cikin masu fure, a rukunin Fagales, dangin Fagaceae. Takan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, kuma da katakonta Ingila ta riƙa gina jiragen ruwanta na yaƙi a zamanin da. Shi kuwa mol ɗin Turai, Talpa europaea, Liniyas ɗin ne dai ya raɗa masa suna a 1758. Ƙaramar dabba ce mai shayarwa da ba ta wuce tafin hannu ba, baƙa mai laushin gashi, idanunta ƙanana ƙwarai, hannayenta na gaba faffaɗa kamar shebur. A ƙarƙashin ƙasa take rayuwa tana cin tana, tana turo tsibin ƙasa a filayen ciyawa. Tana masarautar dabbobi, cikin masu ƙashin baya, ajin masu shayarwa, dangin Talpidae. A Jan Kundin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wato kundin da ke auna haɗarin ƙarewar kowace halitta, wanda aka fara tun 1964, dukansu biyu suna mataki guda, matakin waɗanda babu fargaba a kansu.

Kun ga ke nan kokenmu na farko. An ce yaro ya kwatanta matsayin kariyar abubuwa biyu da matsayinsu ɗaya ne. Idan ya rubuta “babu fargaba” sau biyu ya gama. Ta fuskar rabe-rabe kuma tun daga matakin masarauta suka raba hanya, ɗaya tsiro ɗaya dabba, ba su sake haɗuwa ba, don haka abin da ake auna wa shi ne haddar jeri biyu na sunayen Latin. Ba mu ce haramun ne a tambayi yaronmu halittar wata ƙasa ba. Muna koya musu kangaru da dabbar nan mai baki irin na agwagwa ta Ostireliya, saboda akwai darasin da sai da su yake fitowa. Amma a nan mene ne darasin? Babu ok ko mol a cikin abin da aka ba mu mu koyar a zangunan nan, ba su cikin littafin da ke hannun yara, kuma babu bishiyar ok ta asali ko ɗaya a Afirka kudu da Sahara. Sai ka haura Maroko da Aljeriya da Tunusiya kafin ka ga irin wadda ake ɓare ɓawonta ana yin murfin kwalba. Zatonmu, kuma ku gafarce mu idan mun yi kuskure, an ɗauko tambayar ce daga wata takarda da aka rubuta don yaran da ok ke tsaye a bakin ƙofar makarantarsu.

Na biyu ya fi damuna, don ya shafi gaskiyar ilmin da kansa. Takardar jagoran maki da kuka aiko ta ɗauki ok a matsayin bishiya guda, mol kuma dabba guda. Ba haka abin yake ba. Quercus jinsi ne mai nau'i sama da 400, ƙasar Meziko kaɗai tana da sama da 150. Binciken da aka fitar a 2020 a kan nau'o'in ok na duniya ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskantar barazanar ƙarewa, yawancinsu a Meziko da Sin da Biyetnam. Haka dangin mol: a cikinsa akwai wani mai suna desman da ke zama a kogunan Rasha irin su Bolga da Don, wanda farautar fatarsa da tarun masunta suka kusa gamawa da shi. Tambayar ba ta faɗi wane ok ba, ba ta faɗi wane mol ba. Yaron da ya rubuta cewa ok da yawa na cikin haɗari ya faɗi gaskiya, amma jagoran maki ya ce a soke. Matsayin kariya nau'i ake ba wa, ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata tambaya irin wannan ta koya wa yaro.

Akwai kuma batun rukuni. Jagoran ya ce rukunin mol shi ne Insectivora, wato masu cin ƙwari. Haka aka koya mana mu ma, haka yake a tsofaffin littattafan da ke ɗakin karatunmu. Amma tun ƙarshen shekarun 1990, da aka fara gwada ƙwayoyin gadon halitta, aka gane cewa wannan rukuni kwandon tarkace ne, an zuba duk wata ƙaramar dabba mai dogon hanci a ciki. An rushe shi. Yanzu mol yana rukunin Eulipotyphla. Ina da ɗalibi guda, ɗan mai gyaran waya, da ke karatu a tsohuwar wayar babansa da dare. Shi kaɗai a takardun da suka biyo ta hannuna ya rubuta Eulipotyphla, harafi bai ɓace masa ba. Na ba shi makinsa, mai duba aikina ya zo ya cire, ya ce shi abin da ke cikin jagora ya sani. Ban ga laifinsa ba, umarni yake bi. Amma ni ne zan tsaya gaban yaron nan ranar Litinin in gaya masa ya yi daidai kuma ya faɗi.

Abin takaicin shi ne labarin wannan gyara na rukuni labarin Afirka ne, kuma da an sa shi a tambaya da yara sun ji daɗinsa. A kudancin nahiyar nan akwai wasu dabbobi masu haƙa rami da Turawa suka kira mol na zinariya, saboda kamarsu da mol ɗin Turai ta ɓaci: ido ya shafe, hannu ya zama magirbi, jiki ya zama kamar dankali. Da aka duba gadonsu sai aka tarar sun fi kusa da giwa da agwada da dabgi da ayu fiye da mol ɗin Turai. Zaman rami ne ya sassaƙa su siffa ɗaya, jini bai haɗa su ba. Su kuwa 'yan uwan mol na haƙiƙa suna nan cikin gidajenmu. Jaɓar da ke bin gindin bango da dare tana ƙara, wadda warinta ke sa kyanwa ta kashe ta ta bar ta a nan, rukuninsu ɗaya da mol. Bushiyar da yara ke tsinta a gona da damina ta dunƙule, ita ma haka. Duk shekara idan na ce wa aji jaɓa ba ɓera ba ce, ta fi kusa da bushiya, sai gardama ta kaure, kuma daga gardamar nan ake fahimtar dalilin da ya sa ake duba haƙori da ƙoƙon kai maimakon a tsaya ga kama. Ɓera da gafiya masu gaigaya ne, haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro. Jaɓa kuwa bakinta cike yake da ƙananan haƙora masu tsini na tauna ƙwaro. Yaron da ya taɓa ganin wannan ba ya sake mantawa da ma'anar rukuni.

Na uku shi ne abin da aka bari a baya. An tafi Turai neman bishiya alhali madobiya na tsaye, ko in ce tana faɗuwa, a dazukanmu. Sunanta Pterocarpus erinaceus, danginta Fabaceae, wato dangi ɗaya da wake da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya da gawo. Makiyaya sun san ta, don ganyenta suke sassaɓo wa shanu idan rani ya yi tsanani. Idan aka sare ta takan zubo da jan ruwa kamar jini, kuma da rani takan rufe da fure ruwan ɗorawa tun ganye bai fito ba. A shekarun 2010 kasuwar kujerun alfarma ta ƙasar Sin ta buɗe baki a kanta, dillalai suka laƙaba mata suna Madrid, manyan motoci suka riƙa fitowa daga dazukan Taraba shaƙe da gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. A farkon 2017 ta shiga jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittu tsakanin ƙasashe. A 2018 Jan Kundi ya sa ta a matakin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, kuma a shekarar ce aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar. A ajina akwai yaran da 'yan uwansu suka yi lodin wannan icce. Da tambayar ta ce a kwatanta madobiya da bushiya, da an sami tsiro da dabba kamar yadda kuke so, da an sami matsayi biyu mabambanta, ɗaya cikin haɗari ɗaya babu fargaba, da kuma an sami dalilin da yaro zai iya bayyanawa da hankalinsa: madobiya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara kuma akwai kuɗi a kanta, ita kuwa bushiya tana haihuwa da yawa, ta bazu daga Senigal har Afirka ta Gabas.

Ba madobiya kaɗai ba. Kaɗanyar da iyayenmu mata ke samun man kaɗe daga gare ta, da maɗaci, da kawo, duk ukun suna matakin masu rauni a Jan Kundi, kuma masu gawayi ba su ɗaga musu ƙafa ba. Ungulu fa? Duk wanda ya kai shekara arba'in a cikinmu ya tashi yana ganinta jere a kan katangar mahauta, ba ta ko tashi idan ka matso. Tun 2015 tana matakin mummunan haɗari, mataki guda ya rage a ce ta ƙare a daji, saboda guba da kuma masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu. Na tambayi aji wa ya taɓa ganin ungulu da idonsa, hannaye kaɗan ne suka tashi, kuma cikinsu har da wanda shirwa yake nufi. Tsuntsuwar da muke cewa ba ta jewar banza ta ɓace daga samanmu a cikin rayuwar mutum ɗaya, takardar jarrabawarmu kuma tana tambayar lafiyar wata dabba da ta ishi manoman Ingila da yawa.

In ma dabbar rami kuke so lallai, muna da tamu. A Panyam da ke jihar Filato aka samo wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa da aka bayyana wa duniyar kimiyya a 1911, ana kiransa Fukomys foxi. Matsayinsa a Jan Kundi shi ne “bayanai ba su isa ba”. Shekara fiye da ɗari, ba a tara abin da zai isa a ce yana ƙaruwa ko yana raguwa ba. Ina ganin babu abin da zai fi wannan zaburar da yaro mai son kimiyya, ya ji cewa akwai aikin da ke jiransa a nan kusa.

Koke na ƙarshe gajere ne. Jagoran maki ya rubuta cewa tunda babu fargaba a kan mol, to “ba a kare shi”. Wannan haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Jan Kundi awo ne na masana, ba doka ba ne. Mol ɗin da manomi ke da izinin ɗana wa tarko a Ingila, a Jamus doka ta hana kashe shi, alhali nau'i ɗaya ne mai matsayi ɗaya. Mu ma muna da dokarmu ta 1985 kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, wadda aka yi wa gyara a 2016. Yaron da zai zama ma'aikacin gandun daji ko jami'in kwastan gobe ya kamata ya san bambancin kundi da doka.

Illar duk wannan ba ta tsaya a maki 15 ba. Da sakamakon gwajin nan makarantu ke yanke wa za a biya wa kuɗin babbar jarrabawa, wa za a ce ya dakata. Akwai yaran da wannan tambaya ce ta sauko da su daga samun kiredit zuwa ƙasa da shi. Wani uba ya same ni a bakin masallaci bayan La'asar, takardar sakamakon 'yarsa a naɗe a hannu, yana tambaya ko yarinyar wasa ta fara. Na ce masa ba ta fara ba. Ya ce to me ya faru? Na rasa ta inda zan fara yi masa bayanin bishiyar da ni kaina a hoto kawai na taɓa ganinta. Sannan akwai illar da ba ta fitowa a takarda: yaro ya ƙara tabbatar wa kansa cewa Bayoloji wasu sunaye ne na wasu abubuwa a wata ƙasa, a haddace a zubar a manta.

Saboda haka muna roƙonku, cikin ladabi, abubuwa kamar haka.

A cire tambaya ta huɗu daga lissafin bana, a auna yara da sauran tambayoyin, kuma a sanar da shugabannin makarantu kafin su rufe jerin sunayen waɗanda za a yi wa rajista. Idan cirewar ba za ta yiwu ba, a sake duba takardun da sabon jagora wanda zai karɓi Eulipotyphla, ya kuma karɓi amsar duk yaron da ya nuna cewa ok da mol nau'o'i ne masu yawa da matsayi daban-daban.

Daga yanzu duk tambayar da ta shafi rabe-rabe ko matsayin kariya ta zo da cikakken sunan kimiyya na halittar, domin kalma ɗaya ta Turanci na iya nufin abu uku, kamar yadda muka gani. A kuma rubuta shekarar da aka duba matsayin a jikin jagoran maki, tunda matsayi na sauyawa. Ungulu ba a matakin da take yau take ba shekara ashirin da suka wuce.

A fara da halittun da yaro zai iya gani ko ya tambayi kakarsa, a sa sunan Hausa kusa da na Latin, da na Fulatanci ko Kanuri inda aka sani. Idan za a kawo na waje, a kawo shi gefen na gida don a ga dangantaka: mol da jaɓa, ok da madobiya.

A ƙarshe, a riƙa ba malaman aji biyu ko uku, waɗanda ke koyarwa a makarantun karkara, su karanta daftarin tambayoyi a sirrance kafin a kai maɗaba'a. Da ɗan gari akan ci gari. Da ɗayanmu ya ga wannan tambaya, da tun a ranar ya ce muku yara za su tafi Kemistiri.

Mu a namu ɓangaren ba mu zauna ba. Mun fara haɗa jerin itatuwa da dabbobin shiyyarmu, kowanne da sunansa na gida, da na kimiyya, da danginsa, da matsayinsa a Jan Kundi. Yaran ajina ne ke tattaro sunayen daga bakin mafarauta da masu sassaƙa turmi da mata masu tsintar ƙwarar kaɗe, mu kuma muna tantancewa. Yarinyar nan da ta ɗaga hannu ita ke riƙe da littafin. Idan kun ba mu rana a zamanku na gaba, mu uku za mu zo da shi mu ajiye a gabanku.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya, Ya yi muku jagora a wannan aiki.

Wassalam.

Naku,
Malamin Bayoloji, a madadin abokan aikinsa da ɗaliban ajin ƙarshe na shiyyarmu.